Dajin Falgore: A Fara Da Kiwo Kafin Harbi

Daga wani Jami'in Ilmi, Kiru

Kwanan baya muna zagayen duba makarantu a ƙasar Kiru, muka shiga wani aji muka tarar malami yana koyar da karin magana. Ya rubuta a allo cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yara kuwa suka kawo ma'ana daidai. Da ya gama muka nemi izini muka tambaye su, wa ya taɓa ganin barewa da idonsa? Aji ya yi tsit. Can sai wani yaro ya ce ya gani a gidan zu na Kano, ran da aka kai su kallo bayan salla. Muka ce, to gwanki fa? Wani ya ce tsuntsu ne. Malamin ya yi dariya, mu ma muka yi, amma da muka fito sai abin ya tsaya mana a rai, gama daga makarantar nan zuwa bakin Dajin Falgore bai wuce tafiyar sa'a biyu a mota ba.

Shi ya sa mu ke so mu yi magana da ku malaman makaranta, da akawunan ƙananan hukumomi, da malaman hakimai, a kan namun dajin ƙasarmu da sha'anin farauta. Kowa ya yarda a gyara. Abin da ba a daidaita a kai ba shi ne wanne za a fara. Mu dai ra'ayinmu shi ne a fara da tsaron uwayen dabbobi da maɓoyarsu, a sa maharbi cikin masu tsaron, harbin manyan namu kuwa ya jira sai garke ya komo.

Asalin dajin

Wanda ya tashi daga Kwanar Ɗangora ya bi hanyar Jos, in ya wuce Tudun Wada zai shiga dajin, ya yi ta ratsa doka da maje da kirya har ya fita wajen Doguwa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 920, ya taɓa ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma bai yi nisa da dajin Lame-Burra na Jihar Bauci ba. Tun cikin shekarun 1940, zamanin En'e, aka keɓe shi gandun daji da sunan Kogin Kano, sa'an nan a ƙarshen shekarun 1960 aka mai da shi wurin tsaron namun daji. Kogin Kano ya raba shi biyu kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo.

Wannan ya isa ya nuna maganar ba ta maharba kaɗai ba ce. Inda gwanki ke kiwo, nan ne itace da gamba ke riƙe ƙasa. In aka share su, ruwan sama zai kwashi yashi ya kai Tiga, madatsa ta riƙa cikewa, mai shinkafa da mai tumatir a Kadawa da Kura su ji a jikinsu. Dajin da ya isa ya ɓoye mazo da gwambaza shi ne dajin da ya isa ya tsare ruwan.

Dokoki kuwa ba a rasa su ba. Akwai Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda ta kasa dabbobi kashi kashi, waɗansu ba a taɓa su sam, waɗansu sai da lasin. Gwamnatin Tarayya ta ƙara tata a 1985 domin dabbobin da ke shirin ƙarewa. A 2020 kuma ta amince a sa Falgore cikin sababbin gandaye goma na ƙasa. Amma takarda ba ta gadi. Duk da dokokin nan, abin da matafiyi ya fi gani a bakin hanya yau shi ne birai da shanu da buhunan gawayi, zaki da ɓauna kuwa sai a bakin tsofaffi.

Masu hannu a dajin

Dole mu yi adalci, dajin nan masu bukatarsa suna da yawa. Wajen 2015 ɓarayin shanu da masu tare hanya sun mai da shi mafaka, har a 2017 soja suka shiga suka yi rawar daji, aka ba su wurin horo a ciki. Makiyayi yana son ciyawa da ruwa da rani. Manomi yana son sabuwar ƙasa tun da gonar gado ta yi wa 'ya'ya kaɗan. Mai gawayi yana son kirya. Maharbi yana son nama. Kowannensu yana da mai yi masa magana a gaban hukuma. Dabba ce kaɗai ba ta da wakili, kuma ita ce in ta tafi ba a sayo irinta a kasuwa.

Game da maharbi, kada mu yi saurin ɗora masa laifi duka. Tarihin Kano ya nuna Barbushe kansa maharbi ne mai kashe giwa, har yau kuwa garuruwanmu suna da Sarkin Baka da Sarkin Dawa. Maharbin da ya gāji sana'ar ya san ƙa'idarta: ba ya harbin mai ciki, ba ya bin mai goyo, in damina ta sauka ya rataye baka ya ɗauki fartanya. Malamanmu ma sun karanta a Risala cewa farauta don bukata halal ce, ta wasa kuwa abin ƙi ce. Ɓarnar ta zo ne daga baya, da fitilar goshi ta dare, da tarkon waya wanda bai san mace ko namiji ba, da gayyar mutane masu yawa a mota da karnuka su share fadama guda a yini ɗaya, da cinna wa daji wuta don a kori zomo.

Abin da waɗansu ƙasashe suka yi

Bari mu leƙa waje kaɗan, gama ba mu muka fara shiga wannan hali ba. A Amurka wajen 1900, barewarsu mai farar wutsiya ta ragu har ba ta wuce 500,000 ba a ƙasar duka. Wata babbar dabba kuma mai ƙaho reshe reshe, wadda su ke kira elk, girmanta kusan ɗaya da gwanki, ba ta kai 100,000 ba. Masu harbi don sayar da nama ne suka kusa ƙarar da su. Sai jihohi suka hana cinikin naman daji, suka yanka lokacin farauta, suka ƙayyade abin da mutum ɗaya zai harba, a wurare da yawa suka hana taɓa mata. A 1937 aka yi dokar da a ke kira da sunan 'yan majalisa biyu, Pittman da Robertson. Ita ce ta sa harajin da a ke karɓa a kan bindigogin farauta da harsashi, kashi 11 cikin 100, ya riƙa komawa ga jihohi domin kula da namun daji. Amma da sharaɗi: jihar da ta karkatar da kuɗin lasin na maharba zuwa wani aiki ba za ta sami kome ba. Yau barewar nan ta kai wajen miliyan 30, elk kuma wajen miliyan 1, ana farautarsu kowace shekara ba su ƙare ba.

In wani ya ce ai Amurka ƙasar masu arziki ce, to ga maƙwabtanmu. A Jamhuriyar Nijar, wajen Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a 1996. Aka hana taɓa su, aka riƙa ƙidayarsu kowace shekara, aka sa mutanen ƙauyukan wurin cikin aikin, suna yi wa baƙi jagora ana biyansu. Kafin 2018 sun wuce 600, har a shekarar aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji cikin Jihar Maraɗi. Ku lura da jerin abin: tsaro da ƙidaya suka fara, sai bayan shekara 22 aka yi maganar kai dabba wani daji.

A gida ma ga Yankari. An keɓe shi a 1956, ba a buɗe wa masu kallo ba sai a 1962. Shekara shida aka bar dabbobi su sami natsuwa tukuna.

Jerin da mu ke ba da shawara

Na farko, a ƙidaya. Makiyayin da bai san yawan shanunsa ba bai san an sace masa ba. Da bazara, sa'ad da ruwa ya rage a 'yan gurabu, dabbobi kan taru a mashaya. Lokacin ne ya kamata malaman daji da ɗaliban jami'a da tsofaffin maharba masu karanta sawu su ratsa dajin layi layi, a ɗaura na'urar ɗaukar hoto a jikin itatuwa, a rubuta gwanki da kanki da mariya da gwambaza da mazo da gada, kowanne da adadinsa. Sa'an nan a buga lissafin a jarida, a karanta a rediyo da Hausa, kowace shekara. Ƙidayar da ta kwana a aljihun tebur ba ta amfani kowa.

Na biyu, a tsare maɓoya da mashaya. A bi iyakar dajin da taswirar da aka keɓe shi da ita, a sake kafa alamu, hakimi da dagatai su shaida. A tsakiya, inda ruwa ke kwana da rani, a keɓe yanki wanda ba gatari, ba shanu, ba bindiga. Wuta kuwa, in ba makawa, malaman daji su sa ta da kaka tun ciyawa na da sauran danshi, tsibi tsibi, don ta bar wuraren fakewa. Wutar Fabrairu da Maris ita ce mai cinye kome, har da 'ya'yan dabbobin da ke kwance cikin gamba.

Na uku, a rufe harbin manyan namu har sai ƙidaya ta nuna sun komo. Ga lissafin da kowane malamin aji huɗu zai iya yi a allo. Gwanki ba ta fara haihuwa sai ta shekara biyu ko uku, cikinta wata tara, ɗa ɗaya ta ke haifa, ta ɓoye shi cikin ciyawa makonni. A misali, garke mai mata 12, in kowace ta haihu rabi suka rayu, an sami ƙarin 6 a shekara. In kuwa aka harbe mata 6 bana, 6 baɗi, garken ya ƙare, ko da maza sun rage. Amma in tsohon namiji ɗaya aka ɗauka, garke bai ji kome ba. Wannan shi ne dukan asirin: mace ita ce jari, namiji riba. Ba wanda ke cin jari ya ce yana ciniki.

Na huɗu, a rubuta maharba, a ba su lasin. Kowane Sarkin Baka ya kawo sunayen mutanensa ga dagaci, dagaci ga hakimi, hakimi ga ƙaramar hukuma. A ba kowa takarda mai hoto, a rubuta irin makaminsa, da inda zai yi farauta, da watannin da aka yarda, da abin da aka yarda ya kama. A wajen gandu, da rani, a bar masa zomo da zabon daji da fakara da gafiya da gyazbi, waɗanda ke hayayyafa da sauri. A hana fitilar dare da tarkon waya da guba da kora da wuta. Cikin waɗanda suka kiyaye ƙa'ida a ɗauki masu gadin daji da albashi, gama ba wanda ya san hanyar ɓarawon nama kamar wanda ya san hanyar naman.

Takardar nan tana da wani amfani da ya fi na dabba. Ba mu manta ba, a watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Jihar Kano a Uromi cikin Jihar Edo, suna kan hanyar komowa gida salla. Allah ya jiƙansu. Alhakin jininsu yana kan waɗanda suka kashe su, ba wata takarda da za ta rage wannan. Amma wajibi ne mu tambayi kanmu, me ya sa mutumin Kano zai ɗauki karnukansa ya yi tafiyar kwanaki neman abin da kakansa ke samu a bayan gari? Kuma me ya sa sana'ar da ta girmi birnin Kano za ta zauna ba rajista, ba shaidar da mai ita zai nuna a ƙasar da ba a san shi ba?

Na biyar, kuɗin daji ya zauna a daji. Abin da aka karɓa na lasin da tara da kuɗin shiga, a buɗe masa shafi dabam a baitulmali, a kashe shi kan albashin masu gadi da baburansu da takalmansu, a ba ƙauyukan bakin daji wani kaso su yi rijiya ko ɗakin karatu. Maharbin da ya ga kuɗinsa ya zama mai gadi zai biya baɗi. Wanda ya ga kuɗinsa ya shiga rami ba zai sake ba, kuma ba za mu ga laifinsa ba.

Sai bayan waɗannan biyar a yi maganar masaukin baƙi, da sayo dabbobi daga wata ƙasa, da lasin na harbin tsofaffin maza ga wanda zai biya da tsada. Mun san su ne masu daɗin buɗewa da kiɗa da jawabi. Amma wanda ya zuba dabba a dajin da ba gadi, ya yi wa mai tarko cefane ne kawai.

Abin da za a ce mana

Wani zai ce, talaka yana fama da yunwa ku kuna maganar gwanki. Gaskiya ne akwai yunwa. Amma wanda ya yi asara da daji ya ƙare, talakan ne. Mai kuɗi yana sayen naman sa a kasuwa. Manomi ma bai taɓa cin irin shukarsa don yunwa ya ce ya yi dabara ba.

Wani zai ce birai da mugun dawa suna ɓarna a gonakin bakin daji. Wannan kuka ne na gaskiya, bai kamata a toshe masa kunne ba. A kai ƙara wurin dagaci, malamin daji ya zo ya gani cikin kwana biyu ko uku, a ba maharbi mai lasin izni ya rage masu ɓarnar. In hukuma ta yi shiru, manomi zai sa guba, guba kuwa ba ta zaɓe.

Wani zai ce, makiyaya fa? Ba korarsu mu ke nema ba. A 2020 Gwamnatin Jihar Kano ta buɗe matsugunin makiyaya a dajin Ɗansoshiya, nan ƙasar Kiru. Irin wannan wuri, in an wadata shi da ruwa da ciyawa da likitan dabbobi, shi zai sa garke ya daina kwana a tsakiyar Falgore. A kuma buɗe burtalin da gonaki suka cinye, a nuna mashayar da aka yarda. Ba a hana mutum hanya sai an nuna masa wata.

Wani kuma zai ce a bari sai an gama da 'yan fashi tukuna. Mu kuwa muna ganin aikin ɗaya ne. Dajin da masu gadi ke ratsawa kullum, maharba masu rajista suna kawo labarin baƙon sawu, ba ya yi wa ɓarawo daɗin zama.

Rabonmu a aikin

To, jama'a, kada mu ce wannan aikin manya ne na Kano da Abuja. Ko gandun yana hannun jiha ko yana hannun Tarayya, rajistar maharba akawu zai rubuta ta, rasit akawu zai yanka. Tun da aka sauya tsarin En'e a 1976 sunan ofis ya canja, amma amanar alƙalami ba ta canja ba. Akawun da ya karɓi kuɗin lasin bai ba da rasit ba, ko ya sa hannu aka yanka gona cikin gandu, ya fi mai tarko ɓarna, don shi ya san doka.

Mu malamai kuwa namu ya fi sauƙi, ya kuma fi daɗewa. A kwalejin horon malamai muna koya wa ɗalibai cewa darasi daga abin da yaro ya sani ya ke farawa. To, a gayyaci Sarkin Bakan gari ya zo aji ya zana sawun gada da na mazo a ƙasa, ya gaya wa yara abin da ya gani yana saurayi da abin da ya ke gani yanzu. A sa yara su tambayi kakanninsu sunayen dabbobin da ke ƙasarsu dā, a rubuta a littafi, a ajiye a makaranta. A yi lissafin garken gwankin nan a darasin lissafi. Yaron da ya yi shi da hannunsa, in ya girma ya riƙe bindiga, zai duba ko mace ce kafin ya ɗana.

Dabbobin nan ba mu muka halicce su ba, tarar da su muka yi, kuma za a tambaye mu yadda muka bar su. Muna roƙon hukuma ta bi abin daki daki, ta fara da abin da ba ya jira. Masaukin baƙi zai jira, gwanki mai ciki ba za ta jira ba. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya ba mu ikon taimakonsu, ya sa jikokinmu su ga barewa tana gudu da ɗanta a bayanta a dajin ƙasarsu, amin.